Daga Aji Zuwa Ofis: Yadda Malami Ke Hawa Matakan Shugabanci a Makarantun Ƙasa da Ƙasa

A yawancin makarantun ƙasa da ƙasa da ke buɗe shekarar karatu a watan Agusta, tun Oktoba ko Nuwamba shugaban makaranta ke tura wa malamai takarda mai tambaya ɗaya: za ka sabunta kwantiraginka, ko tafiya za ka yi? Daga amsoshin nan ake sanin kujerun da za su zama babu kowa baɗi. Kafin Fabrairu an cike mafi yawansu. Kujerar shugaban makaranta kuwa, akan fara neman mai hawanta shekara guda ko fiye kafin mai ita ya sauka. Ke nan malamin da sai a watan Maris tunanin neman muƙami ya faɗo masa, ya makara da shekara ɗaya cur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da wannan na fara saboda na ga malamai ƙwararru da yawa sun yi shekara goma a aji suna jiran wani ya lura da su. Mafi yawansu ba a lura da su ba. Waɗanda suka hau, kusan dukansu sun riga sun fara yin aikin kafin a ba su sunansa.

Mataki na farko: san irin tsanin da kake kai

Sunan "makarantar ƙasa da ƙasa" ya haɗa gidaje da ba su yi kama da juna ba. Akwai tsofaffin makarantu marasa neman riba, irin ta birnin Jeniba da aka kafa a 1924, waɗanda kwamitin amintattu ke riƙe da su, sau da yawa iyaye ne suka zaɓi wasu daga cikin mambobinsa. Akwai na mutum ɗaya ko na iyali guda. Akwai kuma na manyan kamfanoni masu rassa a ƙasashe da dama, kamar Nord Anglia da Cognita da GEMS. A na farko, hawa yakan yi jinkiri don mutane ba sa saurin barin kujerunsu. A na kamfani, ana iya ɗauke ka daga wannan reshe zuwa wancan da ƙarin matsayi, amma za a auna ka da yawan ɗaliban da suka yi rajista kamar yadda za a auna ka da sakamakon jarrabawa.

Manhajar ma tana canza sunayen matakan. A tsarin Ingila za ka tarar da shugaban sashe, da mai kula da ɗaliban aji guda, sannan ƙaramin mataimaki, babban mataimaki, sai shugaba. A tsarin Amurka kowane ɓangare, firamare da tsakiya da sakandare, yana da firinsifal ɗinsa da mataimakinsa, a samansu akwai darakta. Makarantun da ke bin tsarin IB (International Baccalaureate, wata manhajar karatu ta duniya), wanda aka kafa a Jeniba a 1968, dole ne su naɗa kodineta ga kowane shiri da suke koyarwa: PYP na ƙananan yara, MYP na 'yan shekara 11 zuwa 16, DP na 'yan 16 zuwa 19, da CP mai karkata ga sana'a.

Ka zauna da takarda ka zana tsarin makarantarku: wa ke ƙarƙashin wa, shekara nawa kowa ya yi a kujerarsa, daga cikin gida aka ɗauko shi ko daga waje. Idan mutum biyar na ƙarshe da aka naɗa duk daga waje suka zo, ka samu amsar wata tambaya da za mu zo kanta a gaba.

Mataki na biyu: ɗauki matsala guda ka kai ta ƙarshe

A nan ne nake son mu daɗe, domin a nan ake rabuwa.

Abin da malamai masu buri suka saba yi shi ne shiga kowane kwamiti. Kwamitin bikin ƙarshen shekara, kwamitin wasanni, kwamitin mujallar makaranta. Ƙarshen shekara sun gaji liƙis, kuma idan aka ce su faɗi abu ɗaya da ya canza saboda su, sai a yi shiru. Masu ɗaukar shugabanni ba sa ƙirga kwamitoci. Tambayarsu ita ce: me ka tarar, me ka yi, me ka bari?

Don haka nemi matsala guda da ta shafi koyon yara, wadda kowa ke kuka da ita amma ba wanda ya ɗauka. Misali, malamai uku na koyar da darasi ɗaya a aji ɗaya, amma kowa da yadda yake ba da maki, har yaron da zai ci a hannun wannan ya faɗi a hannun wancan. Ko kuma yaran da suka shigo ba su jin Turanci sosai, ana barinsu a bayan aji har wata shida. Ko ɗaliban DP da ke barin dogon rubutunsu mai kalma 4,000 sai sati biyun ƙarshe.

Ka je wurin shugaban sashenku da shawara a rubuce, shafi ɗaya ya isa: ga abin da na gani, ga abin da nake son gwadawa, ga lokacin da zai ɗauka, ga yadda za mu gane ko ya yi aiki. Kafin ka taɓa komai, ka adana shaidar halin da ake ciki, ko makin yara ne, ko samfurin rubutunsu, ko adadin waɗanda suka miƙa aiki a kan lokaci. Mutane da yawa sukan manta da wannan, sai bayan an samu nasara su rasa abin da za su kwatanta da shi.

Sharaɗi ɗaya nake sa wa wannan aiki: dole ya buƙaci haɗin kan wasu malamai. Idan kai kaɗai za ka iya gama shi a cikin ajinka, ka nuna kai malami ne na ƙwarai, wanda dama an sani. Abin da ba a sani ba shi ne ko za ka iya sa abokin aikin da ya girme ka da shekara goma sha biyar ya canza yadda yake duba takardun yara, ba tare da kana da ikon umartarsa ba. Wanda ya iya wannan babu muƙami, zai iya shi da muƙami. Wanda bai iya ba, muƙamin ba zai koya masa ba.

Kuma idan an yi nasara, ka ambaci sunayen waɗanda kuka yi tare a gaban shugabanni. Su ne za a tambaya game da kai wata rana.

Mataki na uku: zaɓi muƙamin tsakiya da ido biyu

Ba kowane ƙarin girma ne ke kai mutum gaba ba. Akwai muƙaman da aikinsu takarda ne zalla: cike fom, tura sunaye, tsara ɗakin jarrabawa. Suna da amfani, suna kuma koya wa mutum tsari, amma za ka iya shekara shida a kai ba ka taɓa zama da malami kun tattauna koyarwarsa ba. Kafin ka karɓi kowane muƙami ka tambaya: malamai nawa ne za su kasance ƙarƙashina? Zan shiga ajinsu in duba darasi? Ina da hannu a ɗaukar sabbin malamai? Akwai kasafin kuɗi a hannuna? Darasi nawa za a rage mini a mako don in samu lokacin aikin? Tambayar ƙarshen nan kada ka ji nauyin yin ta. Muƙami ba tare da lokaci ba hanya ce ta lalata aikin aji da na ofis gaba ɗaya.

A ganina kujerar kodinetan IB tana cikin mafi albarka, musamman ta DP, don tana haɗa ka da kowane sashe, da iyaye, da jami'o'i, da ita hukumar IB kanta. Shugabancin babban sashe kamar lissafi ko kimiyya ko Turanci shi ma haka. Mai kula da tarbiyya da walwalar ɗalibai kuwa yana koyon abin da sauran ba sa samu: zama da iyaye cikin fushi ko cikin kuka. Wanda ke son zama mataimakin shugaba, ya yi ƙoƙari ya ɗanɗana ɓangarorin biyu, na karatu da na tarbiyya, domin wanda ya san ɗaya kaɗai akan gane shi cikin minti goma a intabiyu.

Da zarar ka hau, aikinka ya koma kan manya. Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara bincike da dama a 2008 kan abin da shugabannin makaranta ke yi da ke taɓa sakamakon ɗalibai. Abin da ya fi kowanne tasiri shi ne shugaba ya jagoranci ƙarin ilimin malamansa, kuma ya zauna a ciki yana koyo tare da su. Wannan ya yi daidai da abin da ido ke gani. Saboda haka ka koyi duba darasi: ka shiga, ka rubuta abin da yara ke yi maimakon abin da kake ji game da malamin, ku zauna cikin kwana ɗaya ko biyu, ku fitar da gyara guda ɗaya tak, ka dawo bayan sati biyu ka gani.

Sai magana mai nauyi. Ranar da za ka ce wa abokin da kuke shan hira a ɗakin malamai cewa yaransa ba sa koyo, ranar ce ka fara shugabanci. Ka yi ta a keɓe, da wuri, da hujja a hannu, ka saurare shi har ya gama, sannan ka tura masa taƙaitaccen abin da kuka amince a rubuce. Na ga sabon shugaban sashe da ya yi ta kauce wa irin wannan zama har wata bakwai don kada zumunci ya ɓaci. Da iyaye suka kai ƙara sama, malamin ya rasa aikinsa, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne babu wanda ya gaya masa tun akwai lokacin gyara. Zumuncin da ake tattali bai tsira ba.

Mataki na huɗu: shiga aikin tantancewa

Makarantu masu daraja suna ƙarƙashin hukumomin da ke zuwa duba su: CIS mai hedikwata a Leiden ta ƙasar Holan, ko na Amurka irin su NEASC da WASC, ko COBIS ga masu bin tsarin Birtaniya. CIS tana zagayowa duk shekara biyar, haka ma IB take sake duba shirye-shiryenta. Kafin baƙin su iso, makaranta kan yi shekara ɗaya ko fiye tana binciken kanta, an rarraba ma'aikata ƙungiya-ƙungiya. Malamai da yawa suna gudun wannan aiki don yawan rubutunsa. Kai ka nemi shugabancin ƙungiya ɗaya, kuma in da hali ka zaɓi ɓangaren da ba ka sani ba, kamar gudanarwa ko kuɗi ko ɗaukar ma'aikata. Babu wata ƙofa da za ta nuna wa malamin aji cikin makaranta kamar wannan.

Daga nan ka nemi horon zama ɗan tawagar da ake turawa duba wasu makarantu. Mako guda kana leƙa asirin wata makaranta tare da shugabanni daga ƙasashe daban-daban ya fi kwas da yawa. Zama mai duba takardun jarrabawar IB ko Cambridge shi ma yana ƙara maka nauyi a sashenka.

Mataki na biyar: takardun shaida

Takarda ba ta ba mutum aiki, amma rashinta na hana a buɗe fayil ɗinsa. Da farko ka tabbatar lasisin koyarwarka yana raye, domin a ƙasashe da yawa hukumar ba da biza ce ke nemansa, ko makaranta tana son ka ba yadda za ta yi.

Daga mataimakin shugaba zuwa sama, digiri na biyu a fannin shugabancin ilimi ya zama kusan wajibi, musamman a makarantun tsarin Amurka. Jami'ar Bath da ke Ingila ta daɗe da suna a nazarin ilimin ƙasa da ƙasa. Masu bin tsarin Ingila suna daraja takardun shaidar shugabanci na NPQSL ga manyan mataimaka da NPQH ga masu neman shugabanci, kowanne yakan ɗauki kimanin wata 18 kana cikin aikinka. Akwai kuma Principals' Training Center, wadda aka gina musamman don makarantun ƙasa da ƙasa, mai ba da satifiket bayan kwas huɗu. Kada ka tara su duka. Ka buɗe tallan aiki goma na irin kujerar da kake so, a irin makarantun da kake so, ka ga wace takarda ce ke maimaituwa. Sannan ka tambayi makarantarku ko za ta biya wani kaso daga kuɗin horar da ma'aikata, ka kuma karanta sharaɗin da kyau, don wasu za su ɗaure ka da ƙarin shekaru.

Horon kare yara daga cin zarafi kuwa ba zaɓi ba ne. Tun da aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa kan kare yara a 2014, makarantu suka tsaurara. Ka yi horon matakin sama, ka nemi zama mataimakin jami'in kare yara na makarantarku. Ka kuma riƙa karɓar takardar shaidar 'yan sanda daga kowace ƙasa kafin ka bar ta, don nemanta daga nesa bayan shekaru wahala ce babba.

Mataki na shida: zama ko tafiya

Kwantiragin farko yawanci shekara biyu ne, kuma akwai malaman da ke tashi duk bayan shekara biyu. Ga mai son ganin duniya babu laifi. Ga mai son shugabanci illa ce, domin shekarar farko koyon wuri ake yi, ta biyu kuma rabinta neman wani aiki. Masu ɗauka suna son ganin wuri ɗaya aƙalla da ka yi shekara huɗu ko biyar, inda ka fara abu, ka ga inda ya karkace, ka gyara.

To amma idan zanen da ka yi a matakin farko ya nuna ba a ɗaukar na gida, ko kujerun sama duk an zaune su daram, sai ka duba waje. A nan akwai ciniki da ya kamata ka sani: ƙaramar makaranta, ko sabuwa, ko wadda ke garin da mutane ba sa rububin zuwa, ta fi saurin ba sabon hannu dama, kuma a can za ka taɓa komai, daga jadawalin darussa har zuwa motocin ɗaukar yara. Babbar makaranta mai suna takan so wanda ya riga ya riƙe irin kujerar a wani wuri. Canza ƙasa, da manhaja, da matsayi duk a tashi ɗaya nauyi ne mai yawa. In ka iya, canza biyu ka bar ɗaya.

Mataki na bakwai: neman aikin kansa

Tun watan Satumba takardunka su kasance a shirye. Ka yi rajista da kamfanonin da ke haɗa malamai da makarantu, irin su Search Associates da ISS da Schrole, ka riƙa duba tallan aiki a shafukan ilimi na TES da TIE. Tarukan ƙungiyoyin yanki kamar AISA a Afirka, EARCOS a gabashin Asiya da NESA a Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya wuri ne na haɗuwa da shugabanni. Ka je da abin gabatarwa, ko na minti talatin ne kan aikin nan da ka kai ƙarshe.

Ka gaya wa shugabanka kafin ka tura takarda ko'ina. Duniyar nan ƙarama ce, shugabanni sun san juna, kuma kusan kowace makaranta za ta buga masa waya ko ka sa sunansa ko ba ka sa ba. Gara ya ji daga bakinka. Ka tambaye shi kai tsaye: me kake ganin ya rage mini? Amsar na iya yin ɗaci, amma ita ce zai ba su a waya.

Takardar tarihin aikinka ta sauya fuska. Jerin azuzuwan da ka koyar ya koma ƙasa, abin da ka jagoranta ya hau sama, kowanne da sakamakonsa. Wasiƙar neman aiki kuma a rubuta ta don wannan makaranta kaɗai, bayan ka karanta manufarta da tsarinta na shekaru masu zuwa da rahoton masu duba ta in an wallafa.

Intabiyun shugabanci yakan kai zagaye uku ko fiye, na ƙarshe wani lokaci kwana biyu a makarantar: zama da malamai, da iyaye, da ɗalibai, duba darasi a gabansu, da tarin matsaloli a takarda a ce ka jera wacce za ka fara da ita. Idan a cikin tarin akwai abin da ya shafi lafiya ko amincin yaro, shi ne farko, ko da mai makarantar ne ke jira a waya. Ka tanadi labarai biyar ko shida na gaskiya daga aikinka, ciki har da wanda ka yi kuskure, ka faɗe shi ba kwana-kwana. Zaman ɗalibai kuma kada ka raina shi, ana tambayarsu ra'ayinsu.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Har yau kujerun sama a waɗannan makarantu sun fi yawa a hannun maza fararen fata masu fasfon Birtaniya da Amurka da makamantansu, alhali mata ne suka fi yawa a azuzuwa, kuma mafi yawan ɗaliban 'yan ƙasar da makarantar take ne. Malamin da aka ɗauka a kwantiragin 'yan gida yakan yi aiki ɗaya da na waje a kan albashi ƙasa da nasa, kuma ba a cika tuna shi ba in kujera ta samu. Wannan zalunci ne, kuma ana ta faɗa da shi. Ƙungiyar AIELOC an kafa ta ne don malamai da shugabanni waɗanda ba farare ba, shiga cikinta na sada mutum da waɗanda suka riga shi ƙetarewa. Kafin ka ɓata lokacinka kan wata makaranta, buɗe shafinta ka dubi hotunan shugabanninta. Ka kuma nemi babba guda da zai ambaci sunanka a ɗakin da ba ka ciki, wannan ya wuce mai ba da shawara kawai. 'Yar'uwa malama, idan tallan aiki ya jera sharuɗɗa goma kina da bakwai, ki tura.

Mataki na takwas: kafin sa hannu, da bayansa

In an ba ka, kada murna ta hana ka tambaya. Me ya sa mai kujerar ya tafi? Mutum nawa suka riƙe ta cikin shekara shida? Wa zai auna aikinka, da wane ma'auni? Shugaban da ya ɗauke ka, shi kansa zai kai baɗi? Kwana nawa na hutu za a rage maka, tunda shugabanni kan dawo kafin malamai su kuma tafi bayansu? Ka nemi a haɗa ka da wani malami da ya bar makarantar, ka ji ta bakinsa.

Zangon farko na saurare ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a makarantar ƙasa da ƙasa masu ɗakin su ne ma'aikatan gida: sakatariya, akawu, mataimakan aji, masu gadi, waɗanda suka ga shugabanni biyar sun zo da sabon tsari sun tafi. Ka zauna da kowane wanda ke ƙarƙashinka minti ashirin, ka yi masa tambaya uku: me ke tafiya daidai da ba ka so in taɓa, me ke hana ka aikinka, me za ka fara gyarawa da kai ne ni? Ka rubuta amsoshin. A ciki za ka sami wata ƙaramar matsala da mutum shida ko bakwai suka ambata, wadda za a iya gyarawa cikin sati biyu. Ka gyara ta, ka sanar da su. Kalmar "a tsohuwar makarantarmu" kuwa ka ajiye ta har shekara ta zagayo. Kuma ka roƙi a bar maka aji ɗaya da za ka ci gaba da koyarwa, ka sa shi a jadawalinka tun kafin tarurruka su cinye makon.